Jirgin Ƙasa da Jirgin Sama a Ma'aunin Masu Nazarin Kuɗi: Darasi daga Tashar Ƙauran Namoda

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya dubi taswirar hanyoyin jirgin ƙasa na Nijeriya zai ga wani reshe da ya ɓalle daga Zariya ya nufi arewa maso yamma, ya ratsa Funtuwa da Tsafe da Gusau, sa'an nan ya tsaya cik a Ƙauran Namoda. Tsawon wannan reshe ya ɗara kilomita 200, kuma a shekarar 1929 ne dogo ya iso Ƙaura. An yi niyyar zarcewa da shi har Sakkwato, amma yau kusan shekara ɗari ke nan bai ƙara ko taki ɗaya ba. Mutanen Shinkafi da Jangeru da Zurmi sun gaji labarin zuwan jirgi daga kakanninsu, suna kuma shirin barin wannan labari ga jikokinsu.

Tambayar da ke bakin kowa ita ce, me ya hana? Amsar da aka saba ji ita ce sakacin hukuma, kuma ba ƙarya ba ne. Sai dai akwai wata amsar da ba a cika kawowa ba, watau hukuncin mutanen da aikinsu shi ne auna kamfani da ma'aunin riba kafin a zuba kuɗi a cikinsa. Manufar wannan maƙala ita ce ta bayyana wa ɗalibi ko su wane ne waɗannan mutane, da irin ma'aunin da suke riƙe da shi, da kuma ra'ayinsu game da kamfanoni iri uku: na jirgin ƙasa, da na sufurin jirgin sama, da masu ƙera jiragen saman. Daga ƙarshe za mu komo da ma'aunin nan gida, mu aza tashar Ƙaura a kansa, mu ga abin da yake iya aunawa da abin da ya fi ƙarfinsa.

2.0 Su Wane ne Masu Nazarin Harkar Kuɗi?

Mai nazarin harkar kuɗi shi ne masanin da ke bin littattafan lissafin kamfani dalla-dalla, ya san abin da ya shiga da abin da ya fita, da bashin da ake bin kamfanin, da dukiyar da ya mallaka, sa'an nan ya ba da shawara. Kusan dai matsayinsa ɗaya da na dillalin shanu a kara, wanda ke buɗe bakin sa ya duba haƙora, ya shafa tozo, ya faɗa wa mai saye abin da ya kamata ya taya. Bambancin kawai shi ne, dillali dabba yake dubawa, shi kuwa wannan takardu.

Ana iya kasa su gida uku. Na farko su ne masu yi wa 'yan kasuwar hannun jari aiki, waɗanda ke cewa a sayi hannun jarin kamfani kaza, ko a riƙe, ko a sayar. Na biyu su ne masu auna ƙarfin biyan bashi, irin su kamfanonin Moody's da Fitch da Standard & Poor's, waɗanda ke ba kamfani ko ƙasa daraja, kuma gwargwadon darajar ne kuɗin ruwan da za a ɗora wa mai cin bashin. Na uku su ne ma'aikatan bankunan raya ƙasa, kamar Bankin Duniya da Bankin Raya Afirka, waɗanda ke duba aikin gwamnati kafin a ba ta rance. Rukunin nan na uku ne ya fi shafar Nijeriya a harkar dogo, domin Hukumar Jiragen Ƙasa, wadda aka kafa a 1955, mallakar gwamnati ce, ba a cinikin hannun jarinta a kasuwa.

3.0 Ma'aunan da Suke Amfani da Su

Kafin mu shiga ra'ayoyinsu, ya kamata mu fahimci ma'aunai huɗu, kuma misali ɗaya zai wadatar. A ƙaddara wani mutum yana da motar haya mai jigila tsakanin Shinkafi da Ƙaura, tana ɗaukar mutum 10, kowa yana biyan naira 2,000. In ta cika, ya sami naira 20,000. A ƙaddara kuma mai da ladan direba da kuɗin tasha da abin da ake warewa domin gyara sun kama naira 14,000 a kowane sawu.

Ma'auni na farko shi ne kason ɗawainiya, watau nawa aka kashe daga cikin kowace naira ɗari da ta shigo. A misalinmu 70 ne. Ƙanƙantar wannan adadi ita ce lafiyar kamfani, in kuwa ya haura 100, to, ana cin uwar kuɗi ke nan.

Na biyu shi ne cikar kujeru. Mai motar nan yana bukatar fasinja 7 kafin ya mayar da abin da ya kashe, riba tana farawa ne daga mutum na takwas. In ya tashi da mutum 6 ya faɗi, alhali man da mota ta sha bai ragu ba. Kujerar da ta tafi babu kowa ta tafi ke nan, ba kamar buhun gero ba ne da za a mayar rumbu a jira kasuwa ta gaba.

Na uku shi ne nauyin bashi. In da rance aka sayi motar, mai bashi ba ya sauraron labarin ruwan sama ko rufe hanya. Na huɗu kuma, wanda manazarta suka fi ba muhimmanci, shi ne ganuwa, watau abin da zai hana wani ya shigo ya raba ka da ciniki. Mai motarmu ba shi da ganuwa ko kaɗan, domin duk wanda ya sami kuɗin mota gobe zai iya shiga layi, ya kuma rage kuɗin kujera.

4.0 Ra'ayinsu Game da Kamfanonin Jirgin Ƙasa

Jirgin ƙasa sana'a ce mai cin kuɗi tun kafin a sami ko anini. Sai an sayi ƙasa, an yi cike, an gina gadoji, an shimfiɗa ƙarfe, an tanadi kan jirgi da taragu, sa'an nan buhu na farko ya hau. Amma da zarar an gama, ƙara tarago ɗaya a bayan jirgi ba ya cin wani abin kirki. Saboda haka manazarta suka taƙaita sharaɗin ribarsa a abu uku: kaya masu nauyi, masu yawa, masu tafiya mai nisa. Gawayin kwal da hatsi da siminti da ma'adinai su ne abincin dogo. Fasinja kuwa, a yawancin ƙasashen duniya, sai gwamnati ta cika wa jirgi kafin ya iya ɗaukarsu.

Amurka ta ga fuskokin wannan sana'a biyu. A 1970 kamfanin Penn Central ya karye, kuma a lokacin ba a taɓa ganin karyewar kamfani mai girmansa a ƙasar ba. Shekara goma bayan haka, a 1980, aka yi dokar da ta sakar wa kamfanonin dogo mara su tsayar da farashinsu, su kuma rufe rassan da ba su da ciniki. Daga nan suka haɗe suka zama 'yan ƙalilan, kason ɗawainiyarsu ya sauko zuwa tsakanin 60 da 70. Wannan ne ya sa Warren Buffett, attajirin da ya daɗe yana jagorancin kamfanin Berkshire Hathaway, ya biya kimanin dala biliyan 26 a 2010 ya ƙarasa mallakar kamfanin dogo na BNSF. Hujjarsa ita ce ganuwa, domin ba wani mai hankali da zai shimfiɗa sabon layi na dubban kilomita a gefen wanda ke akwai don kawai ya yi gasa da shi.

To, mu dawo gida. Dogo ya isa Kano a 1911, aka buɗe shi ga ciniki a 1912. Rassan Ƙauran Namoda da Nguru, na 1929 da 1930, an yi su ne domin kwaso gyaɗa da auduga da fatu da ƙiraga zuwa bakin teku. Ƙaura ta zama matattarar amfanin gonar arewacin Zamfara, inda jakuna da raƙuma, daga baya kuma manyan motoci, ke sauke kayan Zurmi da Moriki da Shinkafi da Isa. Kamfanonin Turawa da 'yan Kwara suka kafa kantuna da sikeli, baƙi daga kudu suka zo aikin reluwe suka zauna. A wancan zamani sharuɗɗan nan uku duk sun cika.

Sai dai a watan Oktoba na shekarar da jirgi ya iso Ƙaura, kasuwar hannun jari ta birnin New York ta rushe, tattalin arzikin duniya ya shiga mawuyacin hali, farashin gyaɗa da auduga ya faɗi warwas. Gwamnatin mulkin mallaka, wadda ƙa'idarta ita ce kowace ƙasa ta ɗauki nauyin kanta, ta tsuke bakin aljihu. Ba a sake shimfiɗa wani dogon layi ba sai na Barno, wanda Bankin Duniya ya ba da rancen dala miliyan 28 dominsa a 1958, ya kuma isa Maiduguri a 1964.

Wannan shekara ta 1964 ita ce ƙololuwar dakon kaya, inda jirgin ƙasa ya ɗauki kusan tan miliyan 3 da fasinja fiye da miliyan 11. Zuwa 1974 kaya sun koma kimanin tan miliyan 1, fasinja kuma miliyan 4 da 'yan kai. Dalilan a fili suke. Yaƙin basasa ya lalata layin gabas, fari ya auka wa Arewa a farkon shekarun 1970, cutar gyaɗa ta 1975 ta ƙarasa abin da fari ya bari, kuɗin man fetur kuma ya shimfiɗa kwalta ya cika ta da tireloli. An ɗauko ƙwararru daga Indiya suka riƙe hukumar daga 1979 zuwa 1982, al'amura suka ɗan farfaɗo, amma da suka tafi sai aka koma gidan jiya. A idon manazarci, dogon Nijeriya ya rasa ganuwarsa ne a ranar da tirela ta fara zuwa har ƙofar manomi ta ɗauki kaya.

5.0 Ra'ayinsu Game da Kamfanonin Sufurin Jirgin Sama

Babu sana'ar da ke da kwarjini a idon jama'a kamar ta jirgin sama, babu kuma wadda manazarta suka fi yi wa kallon hadarin kaji. Dalili shi ne, kamfanin jirgin sama mai motarmu ne na Shinkafi, sai dai motarsa ta dala miliyoyi ce. Ba shi da ganuwa, domin sararin sama ba na kowa ba ne, jirgi kuwa ana samunsa haya, har ma kusan rabin jiragen fasinja na duniya na haya ne. Kujerarsa ba ta ajiyuwa. Mai yana cinye kashi ɗaya cikin huɗu ko fiye na abin da yake kashewa, farashin man kuma ba a hannunsa yake ba. Fasinja kuwa araha yake bi. Ko a shekarun albarka, ribar da ke saura wa kamfanonin duniya a dunƙule ba ta cika wuce kashi 3 zuwa 5 cikin ɗari ba, a shekarar annobar korona ta 2020 kuwa sun yi asarar fiye da dala biliyan 130.

Labarin Buffett ya ishe mu misali. A 1989 ya zuba dala miliyan 358 a kamfanin USAir, ya sha zullumi, ya kuma shafe shekaru yana gargaɗin mutane su guji wannan sana'a. A 2016 ya sauya ra'ayi ya sayi hannun jari a manyan kamfanoni huɗu na Amurka, bisa tunanin cewa haɗewar da suka yi ta rage gasa. Da annoba ta zo a 2020 sai ya sayar da su duka da faɗuwa. Kamfanin dogon da ya saya kuwa yana nan a hannun Berkshire.

A Nijeriya an ƙara wa wannan sana'a wani nauyi na musamman, watau kuɗin shiga da naira, kuɗin fita da dala. Hayar jirgi da kayan gyara da inshora da babban garambawul duk da kuɗin waje ake biya. Ranar da naira ta faɗi, kamar yadda ta yi bayan an sake ta a watan Yuni na 2023, bashin kamfani yana kumbura alhali bai ƙara ko kujera ɗaya ba. Kamfanonin ƙasashen waje ma sun ɗanɗana, domin a 2023 kuɗinsu da ya maƙale a Nijeriya saboda ƙarancin dala ya haura dala miliyan 800.

Tarihi ya gaskata masu wannan tsoro. Jirgin sama ya fara sauka a Kano a 1925. Kamfanin Nigeria Airways, wanda asalinsa ke komawa 1958, ya taɓa mallakar jirage kimanin 30, an kuma ba kamfanin KLM na Holan riƙonsa daga 1979 zuwa 1981, amma bashi da yawan ma'aikata da katsalandan suka durƙusar da shi a 2003. Okada Air ya zo ya wuce. Kabo Air na Kano, wanda ya yi suna wajen jigilar alhazai, tauraronsa ya dushe. Hukumar AMCON mai karɓar basussukan da suka gagara biya ta karɓi ragamar Aero Contractors a 2016, da Arik Air a 2017. Medview ya shiga kasuwar hannun jari a 2017, bai jima ba ya daina tashi. Abin lura shi ne, kamfanonin NAHCO da SAHCO, masu lodi da sauke kaya a ƙasa, sun fi masu tashin daɗewa a wannan kasuwa, domin ko jirgin wa ya sauka sai ya biya su.

Ban da haka, manazarta sukan ware abu biyu. Na ɗaya shi ne kamfanin Ethiopian Airlines na Habasha, wanda ya fara tashi a 1946, mallakar gwamnati ne, amma ya bunƙasa saboda an bar ƙwararru suna tafiyar da shi. Wannan ya nuna cewa mallakar gwamnati ba ita kaɗai ce cutar ba. Na biyu shi ne jigilar alhazai, wadda ta bambanta da sauran sufuri domin an san yawan fasinja tun kafin tashi, kujeru a cike suke, kuɗi kuma an riga an tara. Shi ya sa kamfanoni da dama na Arewa, irin su Max Air, da ita suka kafu.

6.0 Ra'ayinsu Game da Masu Ƙera Jirage

In masu tuƙa jirgi ba su da ganuwa, masu ƙera shi ganuwarsu ta fi ta kowa tsawo. Manyan jiragen fasinja kusan duk daga gida biyu suke fitowa, Boeing na Amurka da Airbus na Turai. Embraer na Brazil yana ƙera matsakaita, jirgin Sin mai suna C919 kuwa sai a 2023 ya fara ɗaukar fasinja. Ƙera sabon samfuri yana cin shekaru da dala biliyoyi, saboda haka ba kowa ke iya shiga ba.

Abin da manazarci ke fara dubawa a nan shi ne jerin odar da ba a cika ba. A ƙarshen 2024 Airbus na da odar jirage fiye da 8,000, Boeing kuma fiye da 5,000, watau aikin shekaru masu yawa a ajiye. Amma oda ba kuɗi ba ce, domin mafi yawan kuɗin jirgi ranar miƙa shi ake biya. Don haka tambaya ta biyu ita ce, jirage nawa ke fita daga masana'anta a wata?

Hatsarin wannan sana'a shi ne ana zuba ƙwai da yawa a kwando ɗaya. Airbus ya yi hasashen cewa duniya za ta bukaci ƙaton jirgi mai hawa biyu, ya ƙera A380, ya fara aiki a 2007, amma aka daina ƙera shi a 2021 bayan an sayar da 251 kacal. Na Boeing ya fi muni. Jiragensa biyu samfurin 737 MAX sun faɗi, ɗaya a Indunusiya a Oktoban 2018, ɗaya a Habasha a Maris na 2019, mutum 346 suka rasu. An hana samfurin tashi har wata 20 a Amurka, kamfanin kuma ya yi ta faɗuwa kowace shekara daga 2019 har 2024. Kafin haɗurran nan, yawancin manazarta yabonsa suke yi saboda ɗimbin kuɗin da yake mayar wa masu hannun jari.

7.0 Inda Ma'aunin ke Kuskure

Wannan ya kawo mu ga wani gargaɗi. Manazarci ɗan Adam ne, kuma tarihin sufuri cike yake da kurakuransa. A Ingila, a shekarun 1840, an yi haukan sayen hannun jarin dogo, har majalisa ta amince da dokokin kafa layuka fiye da 260 a shekarar 1846 kaɗai. George Hudson, wanda ake yi wa kirari da sarkin dogo, ya tozarta a 1849 da aka gano yana biyan riba daga uwar kuɗi. Dubban mutane sun talauce, amma layukan da aka gama sun amfani Ingila har yau. Masu jari sun faɗi, ƙasa ta ci riba.

Akwai kuma kuskuren rashin sanin mutane. Waɗanda suka yi lissafin layin Kano auduga suka sa a gaba, domin masaƙun Lankasha ke bukata. Manoman Kano da fatake irin su Alhassan Ɗantata suka duba farashi suka zaɓi gyaɗa, kamar yadda masanin tattalin arziki Jan Hogendorn ya nuna a bincikensa. Layin ya yi riba, amma ta hanyar da masu lissafi ba su hango ba.

Na uku shi ne son zuciya. Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski. A 2003 hukumomin Amurka sun ci manyan bankuna 10 tarar kimanin dala biliyan 1.4, saboda manazartansu suna yabon kamfanonin da bankunan ke neman ciniki da su. Saboda haka duk wanda aka kawo wa rahoto, ya fara tambayar wanda ya biya kuɗin rubuta shi.

8.0 Tashar Ƙaura a Bisa Ma'auni

Yanzu a ƙaddara an kira manazarci an ce ya duba batun farfaɗo da layin Ƙaura, ko zarcewa da shi ta Shinkafi zuwa Sakkwato. Tambayoyi huɗu zai yi.

Ta farko, ina kayan? Yankin na da gero da dawa da wake da albasa da dabbobi, kuma kasuwar Shinkafi tana cikin manyan kasuwannin arewa maso yamma, tana jawo fatake har daga Jamhuriyar Nijar. Amma kayan a warwatse suke, na kaka ne, kuma tun da aka rushe hukumomin sayen amfanin gona a 1986 babu wani mai saye guda da zai cika taragu talatin a rana ɗaya. Haka kuma zai tambayi abin da jirgin zai ɗauko in zai dawo, domin tarago marar kaya kujera ce marar fasinja. Taki da siminti da man fetur da gishiri su ne amsar da za a iya ba shi.

Ta biyu, wane irin layi? Tsohon layin Ƙaura siriri ne, faɗinsa milimita 1,067. Sababbin layuka, irin na Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016, da na Legas zuwa Ibadan na 2021, faɗinsu milimita 1,435 ne. Jirgin wannan ba ya hawa wancan. Layin Kano zuwa Maraɗi, mai tsawon kimanin kilomita 284, wanda aka ƙaddamar da aikinsa a 2021 a kan kusan dala biliyan 2, an tsara shi ya bi ta Daura da Katsina da Jibiya. Jibiya kuwa maƙwabciyar ƙasar Zurmi ce. Ke nan nan gaba tashar sabon layi mafi kusa da mutumin Zurmi tana iya kasancewa a jihar Katsina, kuma ciniki yana bin tasha kamar yadda ya bi ta zuwa Ƙaura a 1929. Wannan abu ne da ya kamata shugabannin yankin su yi wa tanadi tun yanzu.

Ta uku, wa zai biya, da wane kuɗi? Layin Abuja zuwa Kaduna da rancen dala miliyan 500 daga bankin Sin aka gina shi, tikiti kuwa da naira ake sayarwa. Ciwon kamfanonin jirgin sama ke nan ya biyo dogo. Gyaran tsarin mulki na 2023 ya ba jihohi ikon yin harkar jirgin ƙasa, amma iko daban, aljihu daban.

Ta huɗu, kuma mafi nauyi, ita ce zaman lafiya. A 2021 an rufe kasuwannin mako-mako a Zamfara, an katse layukan waya, an kuma haramta shawagin jirage a sararin jihar saboda 'yan bindiga. A ranar 28 ga Maris, 2022 aka kai wa jirgin Abuja zuwa Kaduna hari, ya daina aiki har watan Disamba. Ga manazarci, kowane irin wannan labari ƙarin kuɗin ruwa ne da ƙarin kuɗin inshora. Wannan ma'auni ne kuma za a ɗora wa filin jirgin saman Gusau da aka aza harsashinsa a 2024, domin jigilar alhazai ta 'yan makonni ce, sauran watannin shekara kuma sai an samo masa fasinja da kaya.

In a nan aka tsaya, hukuncin a fili yake: ɗan kasuwa ba zai sa kuɗinsa ba. Amma akwai ribar da ba ta shiga littafin kamfani. Akwai ragin kuɗin dako da ke ƙara wa manomi abin da zai samu a buhu. Akwai kwaltar da za ta daɗe in an ɗauke mata nauyin tireloli, da rayukan da haɗarin mota ke ci, da aikin yi ga samarin da zaman banza ke miƙa wa daji. Ƙaura kanta shaida ce, domin dogo ne ya mayar da ita babbar cibiyar ciniki. Bankunan raya ƙasa suna da hanyar saka irin wannan amfani a lissafi, sai dai ba sa karɓarsa da baki. Suna son a nuna musu tan nawa na hatsi ke fita daga Shinkafi a shekara, shanu nawa, ina suke zuwa, nawa ake biyan mota. Tattara waɗannan alƙaluma aiki ne da ɗaliban jami'o'inmu da na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙauran Namoda, wadda aka kafa a 1983, za su iya yi.

9.0 Kammalawa

Mun ga cewa masu nazarin kuɗi suna son dogo in yana da kaya masu yawa da ganuwa, suna ɗari-ɗari da kamfanonin sufurin sama saboda gasa da tsadar mai da bashin dala, suna kuma girmama masu ƙera jirage, ko da yake kuskure ɗaya na iya cinye ribar shekaru. Mun ga kuma cewa ma'auninsu ribar mai jari yake aunawa, shi ya sa yakan tsallake amfanin jama'a.

Shawararmu ga mai karatu, musamman ɗan wannan yanki, ita ce duk sa'ad da aka zo da alkawarin jirgi, na ƙasa ko na sama, ya yi tambayoyin nan huɗu: ina kayan, wane irin layi, wa zai biya, wa zai tsare? Alkawarin da ya kasa amsa su hangen Dala ne, ba shiga birni ba. Haka kuma al'ummar da ke son dogo ya wuce Ƙaura, wajibi ne ta je gaban masu rance da lissafinta a rubuce, cikin harshen da suke ji.